Wuta Tana Wucewa Ta Saman Rufinmu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Wutar Lantarki ta unguwarmu a Tukra, Njamena, Baba Alhaji Garba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da dukan mutanen gida, kuma ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni ce Hauwa'u, malamar makarantar firamare, 'yar amininka marigayi Malam Sule. Na faɗi haka ne saboda waɗanda za su karanta wannan takarda a ƙofar biro, wato ofishin ƙungiya, domin kai kam ka san ni tun ina goye.

Za ka ce me ya hana ni zuwa gida in faɗa maka. Baba, na zo, kuma ba sau ɗaya ba. Duk zuwan da na yi sai ka sa a kawo shayi, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ka aika a tsinko mini gwaiba a lambu. Da na fara maganar wuta sai ka ce, "Je ki gida, Kulu, ai ina nan." Ni kuma ba na iya musu da kai a zaurenka. A takarda ne kaɗai zan iya kai maganata ƙarshe ba ka katse ni da alheri ba.

Kafin in shiga kukana, ina so matasan unguwa su san abin da ka yi. Lokacin da Tukra take gonaki da gidaje jefi-jefi, kai da mahaifina kuka bi gida-gida, na Hausawa da na Larabawa da na Ngambai da na Masa, kuna roƙon mutane su haɗa hannu a sayi gurup, injin da zai ba mu wuta. Da itacen giginya kuka kafa turakun farko. Na ga kafaɗarka ta saluɓe saboda ɗauka, na ga Hajiya tana gasa maka ita da ruwan zafi. Mahaifina bai daɗe ba bayan an kunna injin Allah ya karɓi abinsa, kai ka ci gaba da riƙe mu, ka riƙe ƙungiya. Babu abin da zan rubuta a ƙasa da zai goge wannan.

Na ɗaya, yadda muka wayi gari da kontar iri biyu.

Da farko kowa yana biya ne gwargwadon ƙwayayen fitilar gidansa, rigima kuwa ba ta ƙarewa. Sai wata ƙungiyar agaji ta ba mu kontar, wato ma'aunin wuta, irin mai madannai. Mutum ya je biro ya biya, a buga masa lamba a ordinatar, wato kwamfuta, ya dawo ya danna lambar, wuta ta shiga. Kontocin nan koraye ne, kuma mu na tsofaffin gidaje aka saka wa. Daga baya wasu masu taimakon suka kawo faifan hasken rana, suka haɗo da nasu kontocin, shuɗɗa, aka saka wa sababbin gidajen da ke wajen kogi. Kowane iri ya zo da ordinatar tasa da manhajarsa, wato tsarin da aka zuba mata take fitar da lamba. Ordinatocin biyu suna kan tebur ɗaya, Madam Selestin mai sayar da lamba tana zaune tsakaninsu. Amma lambar wannan ba ta buɗe kontar wancan. Mun sani, mun yi ta raha a kai, ba wanda ya ɗauke shi matsala tunda duka suna aiki.

Na biyu, abin da ya same ni.

Tun lokacin da aka yi faɗa a cikin gari mutane suka tsallaka kogi suka gudu Kuseri, wakilin kamfanin korayen kontoci ya rufe shagonsa, bai sake dawowa ba. Ba a jima ba ordinatar korayen ta mutu. Wutar da kowa ya saya ta riƙa ƙarewa gida bayan gida. Ranar da tamu ta ƙare na je biro da kuɗina a hannu. Madam Selestin, Allah ya saka mata, ta ce bari mu gwada, ta buga mini lamba a ɗaya ordinatar. Na dawo gida na danna, kontar ta yi ƙara ta ƙi. Na sake dannawa a hankali, ta sake ƙi. Injin yana aiki, ina jin rurinsa daga tsakar gida, waya tana ɗauke da wuta ta saman rufinmu zuwa gidajen bakin kogi, firigona kuwa, wato firjin gidana, ya yi shiru.

Ka san maigidana, Abban Zainab, yana da ciwon suga, kuma da allura yake rayuwa. Ruwan allurar nan daga wani kantin magani a Kabalai muke sayo shi, kuma ba ya son zafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in sa kwalbar a tukunyar ƙasa in binne ta rabi cikin jiƙaƙƙen yashi. Na yi haka, ina yayyafa ruwa kafin in tafi makaranta da bayan na dawo. Amma bazarar bana kowa ya gan ta. Da rana ko ruwan randa ɗumi yake yi. Shi yana ta yin allurarsa yadda ya saba, sai ƙishirwa ta yi masa yawa, ya rame, idonsa ya faɗa. Muka ce zafi ne, tunda kowa ma yana kuka da zafin.

Wata ranar Talata da azahar ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta gyaran babur a Waliya. Masu motar kifi ne suka ɗauke shi suka haye gada da shi zuwa asibiti. Ina cikin aji aka zo aka kira ni. Da na kai wa likita kwalbar, ya ɗaga ta ya duba a haske, ya ce maganin ya lalace tuni, ruwa kawai mijina yake ta sa wa jikinsa. Ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Alhamdu lillahi ya tashi, ya koma rumfarsa, sai dai har yanzu in ya sunkuya kan babur ya daɗe, jiri yana ɗibarsa.

Na uku, abin da ka yi mini.

Da gari ya waye ka zo asibiti da sandarka, da ƙafar nan mai ciwo, ka zauna kan benci tun hantsi har la'asar ba ka ci komai ba. Na ji ka kana cewa a hankali, "Da Sule yana raye, me zan ce masa?" Washegari ka tura mai gyaran wutar ƙungiya ya tsallake kontar gidana ya haɗa mini waya kai tsaye. Kai da ka kafa dokar cewa duk wanda ya tsallake kontar za a yanke masa wuta, kai da ka taɓa yanke wa ɗan ƙanwarka wuta a kan haka, ka karya dokar saboda ni. Na san abin da wannan ya ci maka, kuma na gode.

Amma Baba, a layinmu gidana ne kaɗai ke da wuta yanzu. Madam Rashel da ke jikin katangata, wadda mijinta ya rasu, da ruwan sanyi da ƙanƙara take ciyar da 'ya'yanta, ta yi bazara guda ba ta sayar da ko leda ɗaya daga firigonta ba. Inna Falmata mai markaɗe ta koma turmi da tsufanta. Babu wadda ta yi mini baƙar magana a cikinsu. Barka suka zo suka yi mini, suka ce ai mai ciwo ya fi kowa buƙata, kuma wannan ya fi yi mini nauyi a kan zagi. Na buɗe musu firigona, kowa yana kawo abin da zai kawo, amma firigo ɗaya ba ya ɗaukar layi guda. In na haɗu da su a famfo sai in rasa inda zan sa idona. Ka ɗauki abin a matsayin matsalar 'yarka, ka warware shi yadda uba yake yi. Matsalar ta rabin ƙungiya ce.

Na huɗu, abin da nake ji ana shiryawa.

An ce wani kamfani na uku ya kawo tayin sababbin kontoci masu aika bayani ta layin salula, su gaya wa biro wutar da kowane gida ya sha da inda waya ta tsinke, har a iya rage wa unguwa nauyi in injin ya gaji. An ce kana son sa hannu kafin damina ta yi nisa. Ba na ƙin ci gaba, kuma na san tausayinmu ne ya sa kake sauri. Tambayata ɗaya ce: su ma da tasu ordinatar za su zo, wadda ba ta jin maganar kowa?

Ni ba injiniya ba ce. Amma ranar da aka kawo wani mai gyara daga Kuseri ya duba matacciyar ordinatar, na tsaya na tambaye shi. Ya ce ƙarfen ba wuyar sauyawa, abin da ya gagare shi shi ne manhajar da mabuɗan kontocin, wato lambobinsu na sirri, domin kamfanin ya kulle su, shi kaɗai yake buɗewa. Ya ce akwai ƙa'ida guda da masu ƙera kontoci da dama suka yarda su bi, yadda manhajar wani za ta iya fitar wa kontar wani lamba, muddin mai saye ya nemi haka tun farko kuma aka ba shi mabuɗansa. Mu ba mu nema ba, domin kyauta aka ba mu, mun ji kunyar kafa sharaɗi. Na gane maganarsa nan take. A kasuwar Waliya Bahaushiya da 'yar Ngambai da Bakanembiya kowa da yarenta na gida, amma da Larabci muke ciniki, shi ya sa ba mai komawa gida da kayanta don ba a fahimce ta ba. Abin da kontocinmu suka rasa ke nan.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kamar haka.

Da farko, a haɗa wa dukan gidaje masu koriyar kontar wuta na wucin gadi, mu riƙa biya yadda ake yi a da, har a samu mafita. In dokar ƙungiya ba ta yarda ba, to a mayar da gidana yadda yake. Na yi magana da wata ƙawata a bakin kogi mai shuɗiyar kontar, ta yarda ta ajiye mana maganin, kuma Abban Zainab ya amince. Kada ka ji tsoro saboda shi.

Sannan kada a sa hannu da kowane kamfani sai wakilinsa ya zo gaban membobi ya nuna mana da idonmu cewa manhajarsa tana aiki da kontar wani kamfanin, kontarsa kuma tana karɓar lambar da wata manhajar ta fitar. In ya ce ba zai yiwu ba, a sallame shi da mutunci, ko da kyauta ya kawo.

Haka kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa mabuɗan kontoci da bayanan membobi mallakar ƙungiya ne, a ajiye kwafinsu a wuri fiye da ɗaya, a koya wa Madam Selestin da wani mutum guda yadda ake ɗora su kan sabuwar ordinatar. Wakilai suna tafiya, Baba, mun gani. Mu ne ba mu da inda za mu.

Daga ƙarshe, a kawo maganar nan babban taro, kada ta ƙare a zaure. In na ɗaga hannu ranar, ka ba ni dama kamar kowane memba, ka bar ni in gama, ko da abin da zan faɗa bai yi maka daɗi ba. Madam Rashel da Inna Falmata ma suna da abin faɗa, kuma sun fi ni hujja.

Na san takardar nan za ta sosa maka rai, musamman da yake a bainar jama'a ta fito. Ka yafe mini. Amma ka tuna shekarar da mahaifina ya so ya cire ni daga makaranta in taya mahaifiyata sayar da ƙosai, kai ne ka zo ka tsaya a ƙofar gidanmu ka ce ba za ka shiga ba, ba za ka sha ruwan gidan ba, sai ya janye. Ka ce yarinyar nan a bar ta ta iya rubutu, wata rana za ta yi wa mutane amfani da shi. Ban taɓa zaton kai zan fara rubuta wa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ƙafarka sauƙi, ya saka maka da alheri a kan wahalar da ka sha dominmu. Allah ya haskaka kabarin amininka, ya haɗa ku a Aljanna bayan ka daɗe tare da mu. Ka gaishe mini da Hajiya.

Wassalam.

'Yarka kuma memba a ƙungiyarka,
Hauwa'u Sule, Tukra, Njamena.