Zare Uku a Cikin Ambulan

Islampur, 4 ga watan Srabon

Zuwa ga ɗana Tofazzal, a shagon buga takardu, Dhaka.

Assalamu alaikum, bajan, ɗana na kaina. Ƙanwarka Shiuli lafiya lau. Kawunka Mokbul ƙafarsa ta sake kumbura, sai da sanda yake zuwa masallaci. Saniya ta haihu, amma maraƙin ba shi da kuzari. Ruwan kogi ya hau har gindin ayaba, bai dai shigo ɗaki ba. Ni ma lafiya, sai gwiwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na yi furfura na zauna a ajin manya, har yanzu layina gangarawa yake yi.

Zanen da ka bugo mini ya iso, na kanthar nan, mayafi mai adon zare, da zan ɗinka wa matar hedimasta. Kifayen sun yi kyau. Amma ganyen pan, wanda ake taunawa, da na ce ka yi mini kore, launin laka ya fito. Shiuli ta ce, "Ammajan, a Dhaka ganye ma hayaƙin mota yake sha." Na ce ta rufe mini baki. Wai yaya ake zuba launi a cikin kwamfutar nan? Tarin da ka zo da shi da Babbar Salla kuma, ya tafi?

Allah ya tsare mini kai.
Mahaifiyarka, Jobeda

Dhaka, 12 ga Srabon

Ammajan, ina gaisuwa, ina taɓa ƙafarki don girmamawa. A gaishe da Kawu da jiki.

Ba zuba launi ake yi ba, jan sa ake yi. Akwai ɗan abu mai wutsiya da ake dafawa da tafin hannu, shi ne linzamin kwamfuta. In na zana ganye sai in danna shi, wani faifai ya fito a gefen gilashin, launuka jere a kansa, da ɗigo a tsakiya. Sai in danne ɗigon in ja, ganyen yana canzawa a gabana. In na ja gefe ya koma shuɗi, in na ja sama ya yi haske, ƙasa kuma ya yi duhu. Inda ya yi mini sai in ɗaga yatsa. Abin da Abba kan yi rabin yini yana haɗawa a gwangwani kafin ya fente bayan keken haya na riksha, ni kafin shayi ya huce na gama.

Injin bugawarmu ne ya tsufa. Ga sabon zane nan, da kaina na zauna na gyara shi a tsanake. Tari da sauƙi. Ki gaya wa Shiuli in ta ƙara yi mini tsiya, a katin aurenta zan yi mata koren hanci.

Ɗanki, Tofazzal

Islampur, 21 ga Srabon

Bajan, assalamu alaikum. Muna nan yadda ka sani, maraƙin dai ya mutu.

Sabon zanen ya zo. Yanzu kifin da ganyen launinsu ɗaya. Wannan karon Shiuli ba ta yi dariya ba, kallona kawai ta yi. Shekara arba'in ina riƙe da allura, na san aikin inji da ya tsufa, na kuma san aikin ido. Inji ba ya zaɓar ja da kore ya bar shuɗin ruwa lafiya.

Kana aji uku lokacin, ba za ka tuna ba. Shekarar da Abbanka yake shan ƙwayoyin tarin fuka, na aike shi kasuwa ya sayo mini jan zare, ya kawo ruwan ƙasa. Na yi masa faɗa, ya ce, "Ke uwar Tofa, ni za ki koya wa ja?" Sati na zagayowa ya yi wa wani mai riksha zanen fure da launin toka, mutumin ya zage shi a gaban jama'a. Ya dawo gida ya ce maganin ne yake cinye masa ido, ya watsa shi a kududdufi. Ya ci gaba da fenti wata bakwai. Sauran ka sani, kai ka riƙe fitila a bakin kabari.

Na sa zare uku a cikin ambulan ɗin nan. Ka rubuto mini launin kowanne, kada ka tambayi kowa. Na so in kira ka da wayar shagon Haru, amma can duk kasuwa ke saurare, kai kuma "lafiya lau" kawai ka iya.

Mahaifiyarka

Dhaka, 2 ga Bhadro

Ammajan, ki yafe mini.

Zaren suna gabana. Ɗaya shuɗi ne. Sauran biyun na kai su bakin taga, na juya su, ban sani ba. Na so in tambayi Monir da muke ɗaki ɗaya, sai na tuna hannun da ya ƙulla su.

Tarin fuka ne. Wata uku ke nan ina karɓar ƙwayoyi a asibitin unguwa. Ban gaya miki ba saboda Abba. A wata na biyu abin ya fara. Sai in danne ɗigon in ja, in ja, har ya kai bakin faifan, ganyen yana nan yadda yake. Na ɗauka linzamin ne ya lalace, har na canza wani. Mai shago ya tsaya a bayana ya ce, "Tofazzal, wannan jan barkonon fa, riga ce ko gobara?" Ni kuwa toka nake gani.

Kowane launi yana da lambobi a gefen faifan, sai na haddace na waɗanda aka saba nema, ina shigar da su ba tare da na ja komai ba. Da haka na ɓoye. Naki ne ya tona ni, domin koren da kike so ba shi da lamba a kaina, a ido na san shi, daga lambun bayan ɗakinmu.

Ammajan, wannan aikin kaɗai na iya. Kafaɗata ba ta ɗaukar buhu, kin sani. Kwana tara ke nan ban je karɓar maganin ba. Ina jira in ga ko idon zai dawo, sannan in koma. Kada Shiuli ta ji.

Ɗanki

Islampur, 8 ga Bhadro

Bajan,

Shiuli ce ta karanta mini wasiƙarka, idona ya kasa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Katin asibitin Abbanka yana cikin akwatina. Da na fara haɗa baƙaƙe, shi na fara ɗaukowa, don ina son in karanta sunansa da kaina. A bayan katin akwai rubutun likita, layi ɗaya. Kwana biyu na yi ina haɗa shi. Ya ce, in launi ya fara rikice maka, ka dawo nan da nan a canza maka ƙwaya ɗaya. Wata bakwai katin nan yana soke a jikin katangar kara, a saman kansa, ni ina share masa ƙura.

Jiya na je wurin ma'aikaciyar lafiya Nurjahan. Ta ce haka ne, cikin ƙwayoyin guda ce ke taɓa ido, likita zai iya cire ta a ci gaba da sauran. Na tambaye ta ko launin yana dawowa. Ta ce wasu ya dawo musu, wasu bai dawo ba. Ba zan ƙara maka komai a kan abin da ta ce ba.

In bai dawo ba, ka zo gida ka zana mini kifi da baƙin alƙalami, ni in zaɓi zare. Shinkafa ba za ta gagare mu ba.

Da wasiƙar nan ta same ka, washegari da safe ka je asibitin, ka faɗa wa likita komai, har kwanakin da ka tsallake. Ka sa ya rubuta abin da ya ce, ka aiko mini in karanta da kaina. Ina son amsa kafin Alhamis ta sama. In rana ta faɗi ba ta zo ba, Juma'a zan hau jirgin ƙasa. Ban san Dhaka ba, amma yanzu ina iya karanta allon hanya.

Mahaifiyarka, Jobeda