Sunan da Ba Na Faɗa

Alhamis, 24 ga Afrilu 1958

Ƙanwata Salamatu ta ce in riƙa rubuta abin da ke damuna, hannu ya saba, zuciya ta huce. Ita ta koya mini baƙaƙen nan da ta dawo daga Daura, ni da furfura a kai. To ga abin da ke damuna. Wancan ya tsaya takara. Wai za a kafa majalisa a nan Matamaye, mutanen gari su zauna da kumandan, Nasaran da ke mulkin nan, a kan maganar rijiya da kasuwa da haraji. Tela ne fa. Me ya kai tela cikin maganar manya? Kuma da Alhaji Sallau mai sayen gyaɗa zai kara.

Ko a takarda hannuna ya ƙi sunan. Ɗana ne na fari, ban taɓa faɗa ba tun da aka raɗa shi. Ana yaye shi aka kai shi riƙo wajen gwaggonsa a ƙasar Daura, kamar yadda ake yi. Sai da ubansa ya rasu ya dawo, da gemunsa da keken ɗinkinsa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya zo gaisuwa ina tuyar ƙuli. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, a sa mini albarka." Ban ɗago ba. Kaskon na kalla na ce Allah ya kyauta. Ya rame, na ga wuyansa ta wutsiyar ido.

Juma'a, 2 ga Mayu

Matan Unguwar Maƙera sun zo sayen mai. Maryama matar maƙeri ta ce, "Shekara, jibi ne zaɓe. Wace takarda ce ta ɗan naki, mai zanen almakashi ko mai zanen buhu? Faɗa mana mu jefa masa." Duk suka zuba mini ido. Na ce, "Ni ina ruwana da shi? Ku tambayi masu shi." Suka yi dariya, wata ta ce kunyar ɗan fari har gobe. To me zan ce? Uwa ta tsaya tsakar gida tana tallar ɗan fari?

Almakashi ne. Na sani sarai.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na je lakwal, makarantar boko, na jefa. Ba wanda ya ga wadda na ɗauka.

Talata, 6 ga Mayu

Sanƙira ya zaga gari da hantsi. Alhaji Sallau ne ya ci kujerar unguwarmu, sun ce da ƙyar. Maroƙansa suka biyo ta ƙofar gidana da kalangu, da gangan, suna waƙa wai uwar da ta haife shi ma ta ce ina ruwanta. Maganata ce. Tun ranar Asabar suke yawo da ita gida gida, ni ban sani ba. Matan maƙera da yawa buhu suka jefa.

Salamatu ta ce, "Yaya, kowa ya san kara kika yi, 'yan siyasa ne ba su da ta ido." Sanin kowa bai hana ƙuri'a faɗawa cikin buhu ba.

Na ƙona ƙulin yau.

Laraba, 28 ga Mayu

Bai zo ba tun ranar. Yana aiko da cefane dai.

Litinin, 7 ga Yuli

An yi ruwa mai kyau. Na hango shi a gonar ubansa yana noma shi kaɗai. Na bi ta wata hanya.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wata ƙuri'ar kuma. Wannan ba ta mutum ba ce, ta E ko A'a ce. Masu E sun ce a zauna da Faransa yadda ake. Masu A'a sun ce Nasara ya tafi, kowane gari mutanensa su riƙe shi. Wancan yana cikin masu A'a, har ya zama bakinsu. Ya rufe shago, kullum yana kan keke, yau Dawce, gobe Yauri. An ce a kasuwar Kance ya hau turmi ya ce majalisar da aka zaɓa ba ta iya haƙa rijiya sai bariki ya yarda. Allah ya sa ƙarya aka yi masa. Na san ba ƙarya ba ne, bakin ubansa ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Mai unguwa Illa ya zo da kansa. Abokin marigayi ne, tare suka yi tashe. Ya ƙi tabarma. Ya ce, "Shekara, ja wa yaron nan kunne, sunansa ya kai bariki." Na ce yaushe na taɓa ja masa kunne. Ya ce to ga abin da zan iya. Ranar Lahadi takarda biyu za a ba kowa, mai ruwan ɗorawa ita ce E, mai ruwan makuba ita ce A'a. Dogari zai tsaya a bakin ƙofa yana karɓar wadda ba a jefa ba. "In kika fito da makubar a hannu, ni na san abin da zan gaya wa na sama game da gidanku."

Na kasa cin tuwo.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na yi yadda Illa ya ce. Na sa ɗorawa cikin ambulan, na fito da makuba. Yana tsaye a gindin bishiyar maina da mutanensa, ya ga lokacin da na miƙa wa dogari. Ya gyara hularsa kawai.

Domin wancan na yi. Wa zai gaya masa?

Laraba, 1 ga Oktoba

E ta ci, a nan da ko'ina. Kiɗa a ƙofar Alhaji tun safe. Masu A'a kowa ya shige ɗaki, wasu an ce sun tsallaka iyaka. Salamatu ta je ta roƙi wancan ya tafi wajen gwaggonsa kafin ƙura ta lafa. Ya ce mata, "Iya Salamatu, in gudu in bar wa wa garin ubana?"

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sun kama shi. Gardi, dakarun bariki, suka zo shago bayan azahar, riga na kan keke ba a gama hannunta ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ga abin da aka ƙulla. Mutanen Alhaji sun ce shi ba ɗan nan ba ne, ɗan ƙasar Ingilishi ne da ya shigo ya rikita gari. A Daura ya girma, maganarsa ma ta can ce. In kumandan ya yarda, a kamiyo, babbar mota, za a sa shi a zubar bayan iyaka, ba zai sake taka Matamaye ba, ko ranar da za a ɗauki gawata.

Na je wajen Illa. Ya ce shi bai ga haihuwar ba, lokacin yana ci-rani. Illa! Shi ya riƙe ƙafar ragon suna. Na ce to takardar da na miƙa fa? Ya ce, "Shekara, abin ya fi ƙarfina." Yana magana yana kallon takalminsa.

Ungozoma ta rasu. Wanzamin ya rasu. Saura ni.

Litinin, 13 ga Oktoba

Bari in rubuta.

An kira ni biro, ofishin kumandan, da safe, Salamatu ta raka ni. Kumandan na zaune bayan tebur, tafinta na tsaye, mutanen Alhaji sun cika baranda. Wancan yana zaune a ƙasa gefe guda, leɓensa a kumbure. Tafinta ya ce, "Baba, wannan ɗanki ne?" Na ɗaga kai. Ya ce ina aka haife shi. Na ce cibiyarsa na bayan ɗakina, gindin zogale, a zo a tona. Ya juya wa Nasara. Nasara ya yi magana kaɗan, alƙalami a hannu. Tafinta ya ce, "Ya ce ki faɗi sunansa."

Na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Salamatu ta ce daga baya, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne, ba ta faɗa." Tafinta ya rage murya ya ce, "Baba, ni na sani, ni ma uwata haka take. Amma wannan bai sani ba. In kika yi shiru zai rubuta ba ki san shi ba." Wani a baranda ya ce, "Ai tun bazara ta faɗa, ina ruwanta!" Aka yi dariya.

Sai wancan ya yi magana, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ku ƙyale ta. Ku kai ni inda za ku kai ni, kada ku sa ta."

Na faɗa. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Tafinta ya ce Nasara bai ji ba. Na sake faɗa, da sunan ubansa da na kakansa, har na waje suka ji. Ban kalle shi ba, amma na ji numfashinsa.

Ba za a kore shi ba, an rubuta ɗan Matamaye ne. Amma za a kai shi gidan kaso a Damagaram, wai ya tada hankalin jama'a. Sai bazara, in Allah ya kai mu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Tsohuwar gidan Illa ta aiko a gaya mini ta daina sayen maina, wai ba ta cin abin hannun marar kunya. Maryama kuwa ta zo ta zauna, ba ta sayi komai ba, ta taya ni ɓarar gyaɗa har la'asar.

Na je na rufe keken ɗinkin da tsohon zane.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ciwon baya ya dawo. Gyaɗa ta yi araha, mai bai tafiya. Direban kamiyon da ke zuwa Damagaram ya yarda ya kai ƙunshi gobe, amma ya ce sai an rubuta sunan mai shi a jiki, in ba haka ba gardi su cinye. Salamatu ta miƙo hannu ta karɓi alƙalami, na ce ta bari, tana da aiki.

Na sa ƙuli da yaji da ɗan sabulu. Na ƙara barkono, Muntaka yana son shi da zafi.