Indararon Ɗakin Inna

Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Tsafe lafiya lau.

Ka tuna yadda ka dame ni a waya in duba indararon ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka? Wallahi har haushinka na ji. Ranar Laraba dai na ari tsani na hau, na tarar leda da sheƙar tantabaru sun toshe shi. Na kwashe, na yaɓe tsagar gefensa. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Soron maƙwabcinmu ya rufta, Allah ya kiyaye ba kowa ciki. Ɗakin Inna ko ɗigo bai yi ba.

Na gode, Yaya. Inna tana sa maka albarka, ni kuwa ta ce in rage taurin kai.

Ka gaida yara, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Bello