Talatin da Bakwai ko Talatin da Ɗaya

Inna Solvej, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina Vagn shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a tsibirinmu. Bara aka ce naman zuciyarsa ya saki, ba ta harba jini sosai. Maƙwabciyarmu Gunvor ce ke auna shi a asibiti, da na'urar sauti da ake gogawa a ƙirji. Tare muke waƙa a coci. Ban taɓa ganin mai natsuwa a bakin aiki irin tata ba.

Watan jiya awonta ya nuna ƙarfin zuciyar talatin da bakwai cikin ɗari. Likita ya ce in ya gaza talatin da biyar sai an dasa masa na'urar farfaɗo da zuciya, mai ita kuwa ba ya tuƙa bas. Har mun fara murna, sai Gunvor ta ce haƙarƙarinsa ya kare mata wani gefe, ba ta yarda da awon kanta ba. Aka tura mu babban birni, Kopenhagen, ya kwanta cikin babbar na'urar maganaɗisu kusan awa guda. Talatin da ɗaya, har da tabo a zuciyar.

Yanzu Vagn ya ce Gunvor ta yanke masa abinci. Ya hana ni gaishe ta, kuma takardar farko kaɗai yake son kai wa likitan lasisin tuƙi. Ni kuwa, tsakani da Allah, burge ni ta yi. Amma tausayinsa ya hana ni sakat. Ya zan yi?

Matar Direba

’Yar'uwa, ni ma Gunvor ta burge ni. Ba kowa ke iya cewa a sake duba aikinsa ba.

Na'urarta ba ƙarya ta yi ba. Tana da sauri da sauƙi, amma ta tsakanin haƙarƙari take leƙe, sauran ta kintata. Ta maganaɗisu akwai wahala da jira, sai dai tana auna zuciyar gaba ɗaya, ta nuna tabo. A irin wannan saɓanin likitoci sun fi dogara da ita.

Vagn ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma rabuwa da sitiyari ba wasa ba ne. Ki lallashe shi, ku nemi wani aikin a kamfanin. Amma takardu biyun za a kai, domin bayan kujerarsa akwai ’ya'yan mutane. Ki gaya masa ido da ido: kin iya zama da miji marar lasisi, ba ki iya zama da lasisi ba miji.

Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.