Ankon da Aka Ɗinka a Juye

Albarika, Parakou
Ranar Talata

Zuwa ga Yayana Awalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Mairama da yara duka. Yaya kasuwar goro? Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Iliassou direba alhali ga waya. Wayarka kullum tana hannun yara, maganar kuma ba ta kunnen kowa ba ce. Ka kuma san halina, sai na rubuta abu nake gane abin da nake tunani a kansa.

Ka san Perpétue, 'yar maƙwabciyata Madam Bake, wadda ta koyi ɗinki a wurina har aka yaye ta, yanzu muke shago ɗaya. 'Yan Katolika ne. An yi wa limamin cocinsu, Fada Cyriaque, canjin wurin aiki, za a yi masa bikin bankwana ƙarshen wata. Kamar yadda suka saba, sun buga atamfar anko da hotonsa a jiki. Kowace mace a cocin sai ta saya, wadda ba ta sa ba ranar biki kowa zai san da ita. Ɗinkin ya zo mana da yawa. Ƙa'idar irin wannan atamfa ɗaya ce: almakashi ba ya bi ta kan fuska, dole ta fito cikakkiya a ƙirji ko a baya.

Perpétue ta fi ni hannu a yanka. Amma ranar Alhamis na tarar ta raba fuskar gida biyu a atamfar wata mata. Na yi mata faɗa a gaban mutane, har na ce ko saurayi ne ya ɗauke mata hankali. Ta ajiye almakashi, ta zaga bayan shago ta yi amai. Da muka rage mu biyu bayan azahar ta faɗa mini. Lokacin tana 'yar shekara goma sha huɗu, tana cikin masu waƙar coci, Fada Cyriaque yakan tsayar da ita bayan an tashi, wai ta share masa ofis. Ya yi mata fyaɗe, ba sau ɗaya ba. Bara ita da uwarta suka kai ƙara wurin manyan cocin. An karɓe su da mutunci, an ba su ruwan sanyi, an yi addu'a tare, an ce za a duba, an roƙe su kada su ɓata sunan coci. Amsar da suka samu ita ce wannan canji da wannan biki.

Yaya, ga dalilin takardata. Cocin da za a kai shi yana ɓangaren Partago, kuma cocin ne ke kula da gidan kwanan 'yan mata da kake shirin sa 'yarka Munira idan an koma lekol, wato makaranta. Perpétue ce ta ce in gaya maka.

Na auna maganar ta kowane gefe. Ban gani da idona ba. Ni Musulma ce, ana iya cewa ƙiyayyar addini ce ke magana a bakina, ni ma na tambayi kaina haka. Amma shekarun da muka yi tare ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ka dakata da maganar Munira tukuna.

A gaida Inna da kyau. Ga man zafi na saka mata a leda.

Ƙanwarka,
Lubabatu


Albarika, Parakou
Ranar Laraba

Yaya Awalu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka. Na ji daɗi da man ya yi wa Inna amfani.

Amsarka ta iso. Na gode da ka yarda ka janye Munira, za ta zauna a wurina ta yi karatu a nan, ɗaki yana nan. Sauran maganarka ce na kasa haɗiyewa. Ka ce mu cire tamu mu yi shiru, ba addininmu ba ne, kana da abokan ciniki Kirista, zaman lafiyarku a Djougou kuma ba abin wasa ba ne. Duk gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma ka tuna malamin unguwarmu muna yara, wanda dattawa suka raka tasha da safe aka ce ya tafi ƙaro ilimi? Kowa ya san dalili, ba wanda ya aika wa garin da ya sauka. To ba addininsu ba ne kawai, Yaya. Mu ma haka muka yi.

Bari in ba ka labarin shago. Na hana Perpétue taɓa atamfar, na ba ta ɗinkin yunifom na 'yan lekol, ni na ɗauki ankon. Ranar Asabar Madam Bake ta kawo nata. Na ɗauka ba za ta je bikin ba. Ta ce za ta je, cocin nata ne tun kafin a haifi mutumin, ba za ta bar masa ba. Sai ta juya atamfar a kan tebur ta ce, "Maman shago, haka za ki ɗinka mini." Irin mai arahar nan ce da ake buga wa zane a gefe ɗaya kawai. In an juya ta, bayanta fari-fari ne, fuskar sai dai inuwa. Na ce mata za a ce telarta ta makance. Ta ce, "To ki makance mini na kwana ɗaya, ba mutuwa za ki yi ba."

Na ɗinka, na rataye a bango tare da sauran. Ban yi tunanin komai ba wajen ratayewar, wurin ajiyata ke nan.

Ranar Litinin wata mai sayar da doya daga Ganou ta zo karɓar nata, na riga na gama shi. Ta daɗe tana kallon na bango. Ta tambayi mai shi, na faɗa mata. Sai ta miƙo mini nata ta ce in farke in mayar mata irin na Bake. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba, amma na san tana da 'ya da ta bar waƙar coci ba zato ta koma wurin kakarta a ƙauye. Jiya wata ta zo, yau ma wata. Kalmarsu ɗaya ce, a hankali suke faɗinta: irin na Bake.

Perpétue ta daɗe tana zaton ita kaɗai ce. Da ta uku ta fita, ta tashi daga kekenta, ta ɗauki reza ta zauna kusa da ni tana taya ni farkewa.

Ban san ko daidai nake yi ba. Wataƙila ina sa hannu a abin da ya fi ƙarfina. Amma tela ce ni, mai atamfa ta faɗi yadda take so.

Ina gaida Yaya Mairama. Ka ce wa Munira ta taho da takardunta na lekol duka.

Ƙanwarka,
Lubabatu


Albarika, Parakou
Ranar Juma'a

Yayana Awalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun wayi gari lafiya. Munira ta iso lafiya, ta riga ta cinye mini gyaɗar da na ɓoye, tana gaishe ku.

An yi bikin ranar Lahadi. Ban shiga ba, na tsaya a bakin titi lokacin da suke fitowa. Mata cike da fili, fuskar mutum ɗaya a ƙirjin kowa. A tsakiyarsu waɗanda na ɗinka wa a juye suna tafiya tare, Madam Bake a gaba, da wasu biyu da ba ɗinkina ba ne, su da kansu suka juya zanen ɗaurawarsu. An ce a benci ɗaya suka zauna, a gaba, inda manyan baƙi ba za su iya kauce wa ganinsu ba. Wasu sun yi dariya da farko, suka ce aikin telar Musulma ne. Dariyar ba ta daɗe ba.

Ranar Talata suka tafi kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, tare, iyaye da 'ya'yan da suka yarda su yi magana. Wata tsohuwar Sista ta cocin ce ta raka su, ta zauna da su har aka gama. Perpétue ce ta fara ba da bayani. Ta dawo ta yi barci a kan tabarmar shago har la'asar, na bar ta.

Kada in sa maka rai da abin da bai faru ba. Ba a kama shi ba, an ce ana bincike. A coci an sanar cewa zai ɗan huta saboda rashin lafiya kafin ya kama aiki a sabon wuri. Ba a ce an fasa ba. Wasu matan cocin sun kwashe ɗinkinsu daga shagona, ɗaya ta ce mini a fuska na shiga abin da ba nawa ba. Na juya maganarta a raina har yau, ban samu inda zan yarda da ita ba.

Yanzu saura kai. Tamu tana nan tana cin gyaɗa, amma gidan kwanan zai cika da 'ya'yan mutane, kuma ka san iyayen da yawansu, kana haɗuwa da su ranar kasuwar Partago, Musulmi da Kirista. Ban ce ka yi shela ba, ban ce ka zagi cocin kowa ba. Ka gaya musu abin da yake tabbas: an kai ƙararsa kwamisariya a Parakou, iyaye da yawa ne suka kai, su tambayi masu gidan kwanan kafin su ajiye 'ya'yansu. In ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mini, zan rufe shago in hau motar Iliassou ranar kasuwa in faɗa musu da kaina.

Za ka ga ƙyalle a cikin ambulan, ragowar atamfar ce. Wannan ban juya shi ba. Ka nuna musu, su san fuskarsa.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da na kowa. A gaida Inna da Yaya Mairama.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Lubabatu