Littattafai Huɗu Maimakon Rigar Sanyi

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ke da ƙannenki. Yaya ƙafar kakarku? Ni lafiya lau, in ban da sabulun wankin otal ɗin nan da ke tsattsaga mini hannu. Shi ma na saba.

Saƙonki ya iso. Rigar sanyi na ce ki aiko, sai ga littattafan soyayya huɗu, wai su ɗebe mini kewa. Na karanta, shirme ne. Ƙato da gemunsa yana ɗaukar wa yarinya jaka tun suna makaranta, wai aminiyarsa ce, bakinsa ya mutu sai a littafi na huɗu. Wannan ne ya sa ki kuka? Na ukun ma na toshe kafar taga da shi, ya fi amfani a can.

Kin ce labarin kamar naki ne da ɗan maƙwabtanmu mai gyaran waya. To, ki gaya masa ba ni da haƙurin littafi huɗu. In da gaske yake, ya san gidan kawunki. In abota ce, ya bar zaman ƙofarmu.

Allah ya yi miki albarka. Ki aiko rigar.

Mahaifiyarki