Tsuntsuwar Dutse a Lambun Gari

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka daina ɗaga wayata, na ce bari in gwada takarda.

Yaya, kusan shekara biyu na yi ina sassaƙa tsuntsuwar nan daga baƙin dutse, ina goge ta da hannu har tafina ya yi kanta. Da likita bai hana ni tafiya da cikin nan ba, da ni zan tsaya a kanta har a kafa ta. Hankalina ya kwanta ne don kai ne mai kula da lambun garin. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: a sauke ta da motar ɗaga kaya, a kuma fuskantar da ita gabas, don hasken safe ya kwanta a kan fiffikenta. Amma har yau ko hoto ba ka turo mini ba. An kafa ta ko ba a kafa ba?

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Ƙafafun sun daina kumburi? Ki riƙa ɗora su a kan matashi, ki rabu da gudumar nan.

Albishirinki, na je na ga aikinki! Ni da maƙwabciyata muka tafi. Mun sha yawo kafin mu same ta, can bayan ɗakin ajiye bokitai, a jikin shinge. Kai, ta yi kyau! Fara fat, sai ƙyalli, bakinta ja, har ido aka ɗiga mata. Maƙwabciyata ta ce, “Wannan agwagwa fa ta ƙoshi.” Na ce mata, “Ki iya bakinki, ’yata ce ta yi ta.” Ni dai kamar kin ce mini baƙa ce, amma ƙila tsufa ne ke damuna. Fiffike ɗaya ya fi ɗaya kauri, to ke kika san sirrin aikinki.

Yayanki na hango mu ya zille, wai ana nemansa a ofis. Duk ya rame.

Allah ya sauke ki lafiya.
Mamanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana.

Fenti? A kan dutsena? Da jan baki? Tunda na karanta takardar Mama na kasa zama, na kasa tsayuwa. Dutsen nan ni na je har inda ake fasa shi na zaɓo, don in ruwa ya taɓa shi yana fitar da wasu jijiyoyi kamar toka. Su kuka binne. Kuma me ya sami fiffikenta? Na fere shi har ya yi sirantakar da kowa ya ce ba zai yiwu ba. Kada ka ce mini aiki ya yi maka yawa. Ka faɗa mini gaskiya, ko in hau mota da cikin nan, abin da zai faru ya faru.

Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙonki kada ki hau mota. Ga yadda aka yi.

Ranar da aka kawo ta, motar ɗaga kaya ba ta zo ba. Shugabanmu ya ce manyan baƙi na tafe, ba zai bar babbar motar da ta kawo ta a bakin ƙofa ba, leburori su sauke ta da igiya da katako. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, mai aikin ta hana.” Ya ce, “Ita ke riƙe da lambun nan ko ni?” Igiya ta suɓuce, fiffiken dama ya daki dakali ya ɓalle.

Sai ya ba ni zaɓi: ko in rubuta cewa sakacin leburori ne a sallame su, ko in gyara ta ba tare da kowa ya ji ba. Mutanen nan masu iyali ne, Auta, kuma ba su suka ce a yi haka ba. Na kira magini ya liƙa da siminti. Simintin ya ƙi sajewa da dutsen, shi ya sa aka shafa fenti. Jan bakin kuwa, wallahi mai fenti ne ya yi gaban kansa.

Na san na ɓata miki. Don haka na sayi burushin ƙarfe, kullum bayan an tashi aiki nakan kankare kaɗan. Na gama da wuya da ƙirji. Baƙin ya fara fitowa, sai dai burushin yana barin ’yan zane-zane.

Ki yi haƙuri.
Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Ajiye burushin nan. Don girman Allah ajiye shi, fenti ya fi shi sauƙin magani.

Ka rufe ta da tamfol, ka cire sunana daga allon da ke gabanta. Kada a kori kowa. In na sauka lafiya zan zo da kayan aikina in duba. Ban ce za ta gyaru ba, ban kuma ce na huce ba.

Ka ce wa shugabanku kada ya yi tafiya ranar da zan zo.

Auta.